Ladanin Miga a Kan Dutsen Yamunotri

Daga Miga zuwa Delhi

Ɗanlami da kansa ya yi kiran sallar farko a ranar, ya damƙa wa na'ibinsa makullin masallaci yana ta ja masa kunne, sannan muka fito da Gwaggo Asabe muka sa ta a motar da muka ɗauka shata. Gari bai fara haske ba muka bar Miga.

Mu huɗu ne. Gwaggo ƙanwar mahaifina ce, ita ce marar lafiyar, likitocin Kano sun ce sai an yi mata aiki a zuciya, suka ba da shawarar Indiya. 'Yarta Hauwa ce mai jinya. Ni an ɗauko ni ne saboda Turanci, don koyarwa nake yi a wata makaranta a Yalwawa, cikin garin Dutse. Na huɗu shi ne Ɗanlami, babban ɗan Gwaggo, taubashina, manomi kuma ladanin masallacin unguwarsu. Shi ya sayar da shanunsa na huɗa aka cika guzuri, ya ce ba za a yanka uwarsa yana zaune a Miga ba. Aikinsa a tafiyar ɗaukar kaya da yi mini musu.

Muka bi ta Jahun da Kiyawa, muka tsaya a Dutse na ɗauki jakata, maiɗakina ta cusa mana dambun nama da yaji da garin kunu. Daga nan Gaya, Wudil, sai Kano. Duk shingen da aka tsayar da mu, da jami'i ya leƙo ya ga tsohuwa kwance a cinyar 'yarta sai ya ce Allah ya ba da lafiya, ya ɗaga mana hannu. Da rana jirgi ya tashi da mu zuwa Addis Ababa, can muka canza wani zuwa Delhi. Ladan ya riƙe hannuna tun daga Kano har Habasha. Yanzu in na faɗa a cikin mutane sai ya ce ni ne na riƙe nasa.

Delhi

Musunmu na farko a kan alƙibla ne. Na ce masa mun wuce Makka, nan yamma ake kallo. Ya ce shi ya tsufa yana kiran salla bai taɓa juya wa gabas baya ba, ba kuma ɗan boko ne zai fara sa shi ba. Sai da muka je wani masallaci kusa da masaukinmu ya ga sahu da idonsa, sannan ya ce dama shi ma ya yi wannan tunanin.

A bakin masaukin muka san Ramesh, mai adaidaita sahu, siriri, mai ɗan gashin baki, Turancinsa daidai na ciniki. Shi yake kai mu asibiti kullum ya dawo da mu. Ana gobe aiki asibiti suka ce sai dangi sun ba da jini. Muka miƙa hannu da sauri, suka yi mana tambayoyi, suka ji dukkanmu mun yi zazzaɓin cizon sauro kafin tasowarmu, suka ce ba za su karɓa ba. Muka fito muka zauna a cikin adaidaitar ba mu ce a tafi ba. Ramesh ya tambaye ni, na gaya masa. Ya kashe injin, ya kira wani abokinsa a waya, suka shiga suka nannaɗe hannun riga aka ɗebi jininsu.

Aiki ya yi kyau, alhamdu lillahi. Na yi wa Gwaggo bayani cewa jinin ajiye shi ake yi, wataƙila na wani daban aka sa mata. Ta ce in riƙe bokona, ita dai jinin yaron nan ne a jikinta.

Likita ya ce sai ta ƙara mako biyu kafin ta hau jirgi. A cikin wannan zaman ne Ramesh ya zo gaishe ta, ya ce zai yi 'yan kwanaki ba ya nan. Zai kai mahaifiyarsa wani wurin bautarsu da ake kira Yamunotri a kan duwatsun arewa, inda kogin da ya ratsa Delhi ya faro. Ta daɗe tana roƙonsa, idonta ya fara tafiya, ga shi kuma da sanyi ya shigo ake rufe wurin sai wata shekara. Gwaggo ta saurari fassarata, ta dube mu.

"Gobe ku taka masa. Kada ku ba ni kunya."

Kowa ya san yadda rakiya take a wurinmu. Ka karɓi jakar mutum, ku taka zuwa bakin titi, shi kuma ya ce, "To, ku koma haka nan, na gode." Mai rakiya ba ya sallamar kansa. Na gaya wa Ramesh cewa mahaifiyarmu ta ce mu raka shi. Ya ce har ina? Na ce har inda ya ce mu koma. Ya kama hannuna da hannu biyu, idonsa ya kawo ruwa. Na ɗauka taushin zuciya ne kawai irin nasu.

Daga tasha zuwa Dehradun

Bayan asuba muka same su a babbar tasha. Mahaifiyar 'yar tsurut ce, fari fat gashinta, ta naɗe da farin mayafi. Nan take Ɗanlami ya sa mata suna Iya. Ya ɗora kayansu a bas, ya kakkaɓe hannu, ya miƙa wa Ramesh hannun sallama, ya ja dogon "Tooo", ya ce Allah ya kiyaye hanya. Ramesh ya rungume shi, ya zaro tikiti huɗu daga aljihu.

Kafin mu gama kallon juna kwandasta ya tura mu ciki. Na kira Hauwa ta ba Gwaggo waya, na faɗa mata halin da ake ciki.

"Ya ce ku koma?"

"Bai ce ba, Gwaggo."

"To ai sai ku bi shi. Ni da Hauwa ba abin da zai cinye mu."

Daga mu sai kaftani da silifa, sai jakar fasfo da ba ta rabuwa da ƙuguna. Na ce wa Ɗanlami bari in yi wa mutumin nan bayani a hankali, mu sauka a gari na gaba.

"Kai ba ka da kunya, Habibu? Mutum ya miƙa hannu an ɗebi jininsa, ni zan ce masa na gaji da rakiya? Ai zai ce mu koma da kansa. Mutum ne mai hankali."

Bas na ta gudu cikin gonakin rake. Can ya matso kunnena.

"Wurin nan da za su, akwai gumaka?"

"Akwai."

"In Baffa Liman ya ji ladaninsa ya je gidan gumaka, ka san ba zan ƙara taɓa lasifikar nan ba ko? Ba ma shi ba, mutanen unguwa. Wa zai tashi da kirana?"

Na so in tsokane shi, na ga fuskarsa, na fasa. Ladancin nan gado ne daga mahaifinsa, kuma duk duniya ba abin da yake ji da shi kamarsa. Na ce masa ba mai ji a bakina. Ya ce bakin malamin makaranta ai ba ya rufuwa.

Wajen azahar muka sauka a Dehradun. Ɗanlami ya sake sauke kaya, ya sake miƙa hannu, ya sake jan "Tooo". Ramesh ya ce da ni ɗan'uwana mutum ne mai son mutane ƙwarai, ya shiga neman mana mota ta gaba.

Barkot

Motar irin mai shiga daji ce, an cusa mu kamar buhunan gyaɗa. Daga nan hanya ta fara hawa, tana naɗewa a jikin dutse, hagu bango, dama rami wanda ba a ganin ƙarshensa. Mu da muka taso muna taƙama da duwatsun garinmu, ran nan na san tsibin ƙasa muke da shi. Direba na tuƙi da hannu ɗaya, yana gaisawa da abokansa da ɗayan. Ladan ya rufe ido, ya karance duk abin da ya haddace, ya dawo farko.

Kusa da Barkot akwai shinge inda ake rubuta masu hawa. Da jami'in ya karɓi fasfonmu ya tsaya yana juya shi, sai na ga fuskar Ɗanlami ta washe.

"Alhamdu lillahi. Wannan zai mayar da mu. Ka ga ba mu muka ƙi ba, hukuma ce."

Jami'in ya tambayi Ramesh wani abu da yarensu, Ramesh ya yi dogon bayani yana nuna mu. Sai ga mutumin ya fito daga rumfarsa, ya gaisa da mu, ya kira abokan aikinsa, suka jera da Ɗanlami a tsakiya aka ɗauki hoto. Da muka koma mota Ɗanlami ya tambaye ni ko hoton Indiya yana iya zuwa Miga. Na ce kafin mu ma.

A wani ɗan masauki muka kwana, ɗakin katako, barguna masu nauyi, ƙarar kogi a ƙasa. Abinci gurasarsu ce 'yar falan-falan da romon wake da dankali. A duk hanyar nan ba a sayar da nama, ko ƙwai ban gani ba. Ɗanlami ya tuna dambun da muka bari a Delhi, ya yi ta'aziyyarsa. Abin da ya cece shi shayi ne, mai madara da citta, har ya yarda cewa mai shayin bakin kasuwar Miga yana da sauran karatu. Iya kuwa ta lura ba ya ci sosai, sai ta riƙa tura masa gurasarta tana yi masa faɗa da yarensu, shi kuma yana amsa mata da Hausa, "To Iya, na ji Iya." Ban san me suke fahimta ba, amma hirar ba ta tsaya ba.

Janki Chatti

Da hantsi muka isa Janki Chatti, inda hanyar mota take ƙarewa. Ƙauye ne da ya cika da alfadarai da masu ɗaukar mutane, wasu a kujerar da mutum huɗu ke saɓawa, wasu a kwando a gadon baya. Sanyin wurin ba a fata yake tsayawa ba, ƙashi yake nema. Muka sayi rigunan sanyi da takalman roba da sanduna a wata rumfa. Ladan ya ɗora jar rigar sanyi a kan kaftani, ya ja hular ulu a kan kunnuwa. Na ce da Baffa Liman zai gan shi a haka, ko ba gumaka sai ya karɓe makulli.

Ya gwada "Tooo" ɗinsa na ƙarshe a gindin hanya, amma ko shi bai sa rai ba. Ramesh ya ɗora Iya a kan alfadari, muka bi su a ƙasa.

Hawan

An ce tafiyar ba ta fi kilomita shida ba. Wanda ya auna, ina jin a kwance ya auna. Hanya ce siririya da aka sassaƙa a jikin dutse, wani wurin sai ka sunkuya, ga alfadarai na sauka a guje, kogi na kumfa can ƙasa. Tsofaffi ne suka fi yawa, wasu ba takalmi, suna hawa suna kiran sunan abin bautarsu. Duk wanda ya wuce mu sai ya haɗa tafin hannu ya gaishe mu. Ɗanlami yana amsawa da "Yauwa, sannunku da ƙoƙari."

Iskar wurin ba ta ƙosar da mutum. Ka ja numfashi ka ji kamar ba ka ja ba. Kaina ya fara sarawa, na riƙa tsayawa ina cewa kallon tsaunuka nake yi. Ladan ya ce in kalla da kyau, shi zai gaya wa ɗalibaina a Yalwawa yadda malaminsu ya rungumi dutse yana haki.

Mun ci fiye da rabi sai yayyafi ya sauko, mai haɗe da ƙanƙara. Iya ta fara layi a kan alfadari, sau biyu Ramesh yana tare ta. Da muka kai inda dabbobi suke tsayawa, mai alfadarin ya sauke ta, ya nuna sama. Ana hango rufin wurin bautar da tutocinsa, amma tsakaninmu da shi akwai matakala masu tsayi, a jiƙe. Iya ta taka uku ta zauna. Ramesh ya nemi mai kwando, duk an kama su saboda ruwan. Ya durƙusa ya ɗauke ta da kansa, ya yi 'yan taku, gwiwarsa ta ƙi, suka zube tare a gefen hanya. Shi ma hakin yake yi kamar ni.

Tsohuwar ba ta yi kuka ba. Ta ɗaga fuska wajen da take jin ƙarar ƙararrawa, ta haɗa hannu, ta ce wa ɗanta wani abu a hankali. Na tambaye shi. Ya ce ta ce nan ma ya isa, su juya. Sannan ya dube mu, ruwa na bin fuskarsa, ya ce mun yi abin da ko ɗan'uwa ba zai yi ba, mu koma ƙasa kada sanyi ya kama mu, su ma ga su nan biye.

Na juya wajen Ɗanlami. "To Ladan, an sallame ka. Ya ce mu koma."

"Yanzu ya ce?"

"Yanzu."

Ya dubi matakalar, ya dubi tsohuwar. Ya miƙo mini sandarsa.

"Kwana biyu ina jiran maganar nan, bai faɗa ba sai da ta zama ba ta da amfani. Gaya masa ban ji ba."

Ya tsuguna a gabanta ya juya mata baya. "Iya, hau." Wannan ba ta nemi fassara ba. Ramesh ya ɗora ta, Ɗanlami ya karɓi mayafinta ya ɗaure ta da shi a ƙirji da ƙugu, yadda matan Miga suke goyo. Ya miƙe, ya gyara ta, ya ce damin gero ma ya fi ta nauyi. Ƙarya yake yi, na ga jijiyar wuyansa. Ya riƙa hawa yana tsayawa, yana jingina goshi a sanyin dutse, ita kuma tana bubbuga kafaɗarsa tana yi masa magana. Ni da Ramesh muna biye, kowa ya tokare shi ta gefe ɗaya. A gaskiya a matakalar nan na ji ina alfahari da taubashina, ko da yake ban gaya masa ba, kada ya samu abin faɗa.

Bakin ƙofa

A sama akwai wani fili inda kowa ke tuɓe takalmi. Tururi na tashi daga wata maɓuɓɓugar ruwan zafi, mutane na ƙulla shinkafa a ƙyalle suna tsomawa ta dahu. Gaba kaɗan ga ƙofar, ga ƙararrawa, ga hayaƙin turare. Ɗanlami ya tsuguna ya kwance mayafin.

"Gaya masa iyakata nan. Daga nan nasu ne."

Ramesh bai ja ba. Ya kama hannun mahaifiyarsa suka shiga, mu kuma muka koma ƙarƙashin wata rumfar shayi, takalmansu a hannun Ladan, ya juya yana kallon ƙanƙarar kan tsauni. Da suka fito, fuskar Iya ta sake, kamar ba ita ce ta zube a hanya ba. Ta laluba ta samo Ɗanlami, ta ɗago yatsa da jan abin da suke shafawa a goshi. Ya ja da baya kaɗan, ya dafa ƙirji, ya ce, "A'a Iya, wannan kam ki yafe mini." Ta tsaya, ta goge yatsan a mayafinta, ta ɗora tafin hannu a kan hularsa ta daɗe tana magana. Ya sunkuya mata har ta gama.

Da ruwa ya tsagaita muka samu mai kwando ya sauko da ita. Mu kuma muka tsaya a wani lungu, mai shayi ya ba mu ruwan ɗumi muka yi alwala, muka haɗa azahar da la'asar. Ladan ne ya nuna yamma tun kafin in duba waya. A hanyar sauka na yi wa Ramesh bayanin rakiyar Hausawa da ma'anar "Tooo". Ya tsaya cak, ya riƙe kai, ya ce wato tun daga tasha? Na ce tun daga tasha. Ya yi dariya har sai da ya zauna a kan dutse, sannan ya tashi ya sake rungume Ɗanlami, wanda ya ce in gaya masa rungumar ta isa haka.

Komawa gida

Kwana biyu muka yi kafin mu koma Delhi. Gwaggo ta ji labari daga farko har ƙarshe, ta ce Allah ya yi mana albarka, sannan ta ce jar rigar ba ta yi wa Ɗanlami kyau ba. Da likita ya sallame ta muka biyo hanyar da muka zo, Addis Ababa, Kano, Dutse, muka shiga Miga da la'asar sakaliya, gida cike da 'yan sannu da zuwa.

Na riga na yi alkawarin rufe bakina, na kuma rufe. Amma bayan magariba, da Baffa Liman ya zo duba Gwaggo aka shimfiɗa masa buzu a zaure, sai na ga Ɗanlami ya tuɓe takalmi ya durƙusa a gabansa. Makullin masallaci na hannunsa, na'ibi ya dawo masa da shi, ya ajiye shi a bakin buzun.

"Allah ya gafarta Malam, gara ka ji a bakina. Na hau dutsen masu gumaka a Indiya."

Baffa Liman ya daina jan carbi.

"Ka shiga?"

"Ban shiga ba."

"Ka rusuna wa wani abu?"

"Na rusuna wa tsohuwa dai, da za ta hau bayana."

Ya ba da labarin duka, bai rage komai ba, har jinin, har hoton shinge. Baffa Liman dattijo ne da ba a karanta fuskarsa. Can ya sa yatsa ya tura makullin gaban Ɗanlami.

"Allah ya ba ka mai goyonka ranar da ƙafarka ta gaza. Tashi, lokacin lisha ya yi."

Ina zaune a zauren na ji muryarsa ta fito a lasifika. Ta ɗan shaƙe a kabbarar farko, shi ya ce sanyin Indiya ne bai sake shi ba, ni kuma ban yi masa musu ba.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu da Gwaggo a kan ƙafarta. Muna gode wa duk wanda ya taimaka da addu'a ko da abin hannunsa, da Ramesh da abokinsa, da Iya, wadda har yau in ɗanta ya kira waya sai ta karɓa ta yi wa Ladan faɗa a kan cin abinci, shi kuma yana cewa, "To Iya, na ji."